Darasi Huɗu da Suka Rage a Katinta

Lokacin zafi ne, bayan ƙaramar Salla, irin zafin Dubai mai danshi wanda in ka fito daga ɗaki sai ka ji kamar an jiƙa bargo an lulluɓa maka. Shekarar dubu biyu da goma sha biyu. In aka tambaye ni yadda shekarar ta kasance, ba ni da abin faɗa da yawa. Ina tashi, ina salla, ina tuƙa tuwo, ina kwanciya. Aikina girki ne a wani ɗan gidan abinci a Al Ras, inda fatakenmu da suka zo sarin kaya suke zuwa cin tuwo da miyar kuka. A shekarar nan sai na miƙa wa wani ludayi ya ɗanɗana mini gishiri, don bakina ya daina bambancewa.

Wata huɗu ke nan da rasuwar 'yata.

'Yar fari ce. A wajenmu uwa tana kunyar ɗan fari. Ba ta kiran sunansa, ba ta wasa da shi a gaban mutane, ko kallonsa ba ta cika yi ba. Ana yaye ta Yayata ta ɗauke ta, a hannunta ta girma a Kano. Yaya take kira Umma, ni kuma Inna. Da ta gama karatu ta samu aiki a wani ofishin kago, masu aika kayan fatake gida, a nan Dubai, kuma bayan rasuwar mahaifinta ita ta nema mini biza ta kawo ni. Shekara biyu da 'yan watanni muka yi a ɗaki ɗaya, gadonta nan, nawa can. Duk tsawon zaman nan in zan kira ta sai in ce “ke”, ko in yi gyaran murya.

Zazzaɓi ne na kwana uku. Ranar ƙarshe, da rana tsaka, a asibiti, ta miƙo mini hannu. Akwai mata biyu 'yan garinmu a zaune a wajen, sun zo dubiya. Sai na gyara mata bargo, na mai da idona taga. Kafin la'asar ta cika. Maza suka kai ta maƙabarta can wajen Muhaisna, ni ina ɗaki da mata, suna ta cewa kai, baiwar Allahn nan akwai haƙuri. Ba haƙuri ba ne. Na duba cikina ne ban tarar da komai ba. Tambaya ɗaya ce kawai take zaune a wajen, ba ta motsi: ko yarinyar nan ta tafi da sanin ina son ta?

Maƙwabciyata, wata 'yar Nijar mai sarin atamfa, ita ta matsa mini mu fitar da kayanta a yi sadaka. A ƙasan kabad muka tarar da wata leda, a ciki akwai takalmi mai ɗan tsini, da wani kati. Katin yana da gida goma, an huda shida. Ni karatuna na yaƙi da jahilci ne, sai na bi baƙaƙen da yatsa. Na haɗa, na ce, “Salsa. Mene ne salsa? Asibiti ne?”

Ta karɓa ta duba, ta rage murya kamar akwai wani a ɗakin.

“Rawa ce, Hajiya. Ta mutanen can wajen Kuba. A riƙe juna ake yi. Ki yar da shi kawai, kar wani ya gani ya yi da mamaciya. Wala, shi ke nan.”

Na ce to. Da ta fita na sa katin a jakata.

Duk Juma'a bayan la'asar yarinyar takan ɗauki jaka ta ce za ta motsa jiki. Ban taɓa tambayar ta ina ba. Ba na tambayar ta abu.

Juma'ar da ta biyo na shirya ban gaya wa kowa ba. Adireshin yana bayan katin, a Al Khabaisi. Na hau jirgin metro, na sauka, na yi ta nuna wa masu gadi katin har wani ya nuna mini bene da haɓa. Ƙasan ginin ana sayar da tayil, sama kuma ofisoshi ne ƙanana. Tun daga matakala nake jin kiɗa, da wani abu kamar ana buga sanduna biyu. Ba rawa na je yi ba. So nake in ga inda take zuwa, in dawo.

A bakin ƙofa akwai tebur, da wata yarinya baƙa mai faɗin fuska tana cin gyaɗa. Ta dubi abayata da gyalena, ta yi mini Turanci. Na miƙa katin. Ta karanta sunan da ƙarfi, sai ta daka tsalle.

“Ei! Mma, kina jin Hausa?”

'Yar Gana ce, 'yar Zango. Hausarta ta ɗan karkace amma ina ganewa sarai.

“Ina take? Wata nawa ba mu gan ta ba! Ko ta yi aure ne ta ɓoye mana, don kar mu zo mu cinye shinkafar?”

Na ce, “Allah ya yi mata rasuwa.”

Gyaɗar tana hannunta, ba ta ci ba, ba ta ajiye ba. Can ta shiga ciki, kiɗan ya tsaya. Ta fito da malamar, wata gajeriyar mata 'yar Kolombiya, ta ɗaure gashi a ƙeya. Malamar ta toshe baki da hannu biyu tana kuka a gabana, kukan gaske, har da majina. Ni ina tsaye ina kallon agogon bango. Ta yi magana, 'yar Gana ta fassara.

“Ta ce ke wace ce a wajenta?”

Abin da bakina ya saba shi ya fito. Na ce, “Gidanmu ɗaya.”

“Ayya. Uwarta fa?”

“Tana nan.”

“Allah ya ba ta haƙuri.”

Na ce amin.

Ban yi ƙarya ba. Duk Bahaushiyar da ta girma a gida da ta ji amsar nan ta gane. Su kuwa suka ɗauke ni maƙwabciya.

Malamar ta ce saura darasi huɗu a katin, kuma ranar Juma'a mata ne zalla. Na ce zama kawai zan yi in kalla. Ta ce kujerun nan na ajiye jaka ne, ba a zama a ɗakinta. Ta kama hannuna ta ce, “Yalla, Mama,” wato in taho, ni kuma ba ni da ƙarfin yin gardama. A shekarar nan duk inda aka ja ni bi nake yi.

Ina isa ƙofar ɗakin na tuɓe takalmi na jera su a gefe, na yi sallama. Mata wajen goma sha biyu suka juyo, 'yan Filifin da Indiyawa da wasu farare biyu, kowa da takalminta a ƙafa. Wata ta yi dariya ta kama bakinta. 'Yar Gana ta kwaso mini takalman ta ce, “Mma, nan ba masallaci ba ne.”

Bango guda madubi ne daga sama har ƙasa. Na daɗe ban ga kaina gaba ɗaya ba. Na ga wata mata ta rame, abaya ta yi mata yawa. Na cire abayar, na ɗaura gyale a ƙugu kamar zan yi daka.

Malamar ta tsaya a gaba tana ƙirga da Turanci, ni ina mayarwa da Hausa a raina. Ɗaya, biyu, uku, sai a tsaya. Biyar, shida, bakwai, sai a tsaya. Babu huɗu. Wannan abu ya dame ni. Malamarmu ta yaƙi da jahilci, in ka tsallake lamba sai ta sa ka koma farko a gaban kowa. Duk sanda aka zo uku sai ƙafata ta taka huɗu da kanta, sai in tarar kowa ya yi gaba ni na yi baya. Ga shi ni rawar da na sani ta biki ce, a duƙa, a sunkuyar da kai, a bar kalangu ya ja mutum. Nan kuwa a miƙe ake yi kamar soja, ƙugu kawai ke aiki. Malamar takan zo ta dafa bayana ta miƙar da ni, ta ce da Larabcin da ta tsinta, “Shwayya shwayya, Mama,” wato sannu-sannu. Kafin ta kai ga ta gaba na sake duƙawa.

Ban ji kunya ba, ban ji daɗi ba. Na yi gumi, shi ke nan.

Da aka tashi 'yar Gana ta huda katin, ta ba ni ruwa a kofin roba. Na ce, “Na gode, 'yata.” Sai na ji yadda kalmar ta fito mini da sauƙi a kan 'yar wasu.

Ta ce, “Mma, kin san uwarta sosai?”

“Na san ta.”

“Wace irin mata ce? Don wata rana a nan wajen ta gaya mana wai tunda aka haife ta uwarta ba ta taɓa kiran sunanta ba. Ko rungumar ta. Ei! Ni uwata ko bayi na shiga sai ta kira sunana sau uku.”

Wayar teburin ta yi ƙara, ta ɗauka. Na ajiye kofin na sauka.

Satin nan duka maganar tana bina. Ina yanka kuɓewa tana nan, ina kwashe tuwo tana nan. Ba zafi take mini ba, zama kawai ta yi kamar baƙon da bai faɗi abin da ya kawo shi ba. To ta faɗa, na ji. Amma yaya ta faɗa? Da dariya, ko da ƙorafi? Mutum ɗaya ce ta ga fuskarta a lokacin, kuma tana zaune a bakin ƙofar ɗakin rawa tana cin gyaɗa.

Juma'a ta biyu na koma da niyyar in tambaya. Na tarar da layi a teburin, sababbin ɗalibai. Da aka tashi kuma na tsaya a gabanta, na buɗe baki, sai na ce mata ina ne bayi. Maƙwabciya ba ta tambayar irin wannan abu. In na tambaya na tona kaina, in na tona kaina kuma ta san da wa ta yi maganar.

A ranar aka fara haɗa mu biyu-biyu. Tunda babu maza, wasu matan su ke tsayawa a matsayin namiji, su ja, sauran su bi. Aka haɗa ni da wata 'yar Filifin mai aikin jinya, ƙarama, kanta bai wuce kafaɗata ba. Na taka ta sau huɗu. Kowane karo sai ta ce ba komai, Mama, tana ɗingishi. Malamar ta bayyana, 'yar Gana ta leƙo ta fassara mini: mai bi ba ta yin gaba da kanta, ba ta tsammani, jira take yi har hannu ya gaya mata inda za ta. Na ce a raina, in jira ne ai na iya. Sai dai malamar ta kama hannuna ta girgiza, ta ce ya yi sanyi da yawa, kamar babu kowa a cikinsa, dole in ɗan tura ta don ta san ina nan.

Juma'a ta uku a matakala na ci karo da wani Alhaji mai cin tuwo a wajenmu, ya fito daga ofishin kago da takardu a hannu.

“A'a, Hajiya! Me ya kawo ki nan?”

“Ganin likita, Alhaji.”

Ya ɗaga kai yana sauraron kiɗan da ke saukowa.

“Wannan likita akwai nishaɗi. Allah ya ƙara sauƙi. Amma dai gobe akwai miyar taushe ko?”

Na ce akwai. Ya sauka yana dariya. Da a da ne, da na kwana uku ban fita ba don kunya. Na ci gaba da hawa.

Ranar aka koya mana juyi. Mai ja ta ɗaga hannunki sama, ki wuce ta ƙarƙashinsa ki dawo inda kike kafin bakwai. Na yi ta ƙarewa ina fuskantar bango. Malamar ta sallami 'yar Filifin ta karɓe ni da kanta. Ta ce da yake marigayiyar doguwa ce, kullum ita ke tsayawa a matsayin namiji, kuma duk ajin rububinta ake yi, don ba ta fizgar mutum. Kafin ta juya ki sai ta ɗan matsa yatsunki, ki shirya. Malamar ta ce, kamar haka, ta matsa yatsuna. Na juya, na dawo daidai. Matan suka tafa.

Na kalli yatsun nawa. Ban san tana da wannan ba. Ban san yadda hannunta yake riƙe mutum ba.

Sai malamar ta sa yatsa a haɓata ta ɗago fuskata. Wai ba a rawa da ƙasa, abokiyar rawa ake kallo. Na kalle ta daƙiƙa biyu, idona ya koma kan takalmanta.

Juma'a ta huɗu sau biyu kawai na taka huɗun nan da ba a ƙirgawa. 'Yar Gana ta huda gidan ƙarshe ta miƙo mini katin, ba ta yi wasan da ta saba ba. Na koma ciki ɗaukar abayata. Kowa ya watse, malamar tana naɗe waya a kusurwa. Ina tsaye gaban madubi ina gyara ɗankwali sai na ga 'yar Gana a bayana.

“Mma, ke ce uwarta.”

Ba tambaya ta yi ba. Na ci gaba da ɗaurin.

“Tun satin jiya nake kallon ki. In kin gaji sai ki ɗora ƙafa ɗaya a kan ɗaya, ki riƙe ƙugu. Haka take yi, sak. Kuma sati huɗu kina zuwa ba ki taɓa faɗin sunanta ba.” Ta share ido da bayan hannu. “Kakata ma haka ta yi wa babana, na manta ne wallahi. Mu a Akkara mun bar abin. Mma, ki yafe mini, bakina ba shi da birki.”

Na ce, “Ba ki yi mini komai ba.”

Na zauna a kujerar ajiye jaka. Na ce, “Ranar da ta faɗi maganar. Yaya fuskarta?”

Ta durƙusa a gabana kamar 'yar gida.

“Da dariya ta fara. Hira ake yi, kowa yana ba da labarin uwarsa. Da ta faɗa sai wata Baturiya ta ce kai, wannan uwa ba ta da zuciya. Mma, sai ta ɓata rai. Ban taɓa ganin ta haka ba. Ta ce ku ba ku san komai ba. Ta ce kullum da safe in za ta fita aiki, kina wanke-wanke, ko juyowa ba kya yi, sai dai ki ce a dawo lafiya a ciki-ciki. Amma in ta sauka titi, akwai wani kantin kayan ƙamshi a tsallake mai ƙofar gilashi, tagarku tana fitowa a ciki. Ta ce kullum tana ganin ki a bayan labule, kina tsaye har ta sha kwana.”

Ta gyara durƙuso ta ci gaba.

“Muka ce to me ya sa ba kya ɗaga mata hannu? Ta ce in na juyo za ta ji kunya ta daina.”

Haka ne. Kullum nake yi, da kumfar sabulu a hannuna. Na ɗauka ni kaɗai na sani.

Na jira kuka ya zo, don na ga lokacinsa ne. Bai zo ba. Abin da na ji shi ne ƙwaurina yana ciwo, duka biyun, da ƙishirwa. Na ce ta ba ni ruwa, na sha kofi uku a jere. 'Yar Gana ta gaya wa malamar, malamar ta zo za ta rungume ni, ta tsaya a rabin hanya, ta kama hannuna kawai. Na ɗan matsa nata. Ta ce in dawo Juma'a mai zuwa, da kati ko babu kati. Na ce in Allah ya yarda. A lokacin ban san ko zan dawo ba.

Na hau metro a ɓangaren mata, na sauka Al Ras ana kiran magariba. Na wuce ta gaban kantin kayan ƙamshin, na tsaya na duba gilashin. Tagar tana nan a ciki, ƙarama, da labulenmu mai ruwan ƙasa. Mai kantin ya fito yana tambaya ko citta nake so. Na ce a'a, na hau sama, na yi salla, na ci burodi da shayi.

Washegari Asabar, ranar aiki. Na jira har ƙarfe tara, lokacin da na san a Kano an idar da asuba an zauna. Na kira Yaya. Muka gaisa, ta tambayi zafi, na tambayi ƙafarta da ruwan sama. Har za ta yi sallama na ce, “Yaya, yarinyar nan, haƙorinta na gaba da ya ɗan gutsure. Me ya same shi?”

Ta fasa sallamar.

“Yau kuma ke ce da tambaya?”

“Ni ce.”

“Shekara ashirin kina ganin haƙorin nan.”

“Ina gani.”

Na ji ta gyara zama, tabarma ta yi ƙara. Ta ce tana 'yar shekara shida ne, ana biki a maƙwabta, aka hana ta fita don tana mura. Sai ta kife turmi a tsakar gida ta hau kai, wai ita ma za ta yi rawarta daga nan tunda tana jin kiɗan. Turmin ya gangara da ita. Ta tashi baki duk jini, abin da ta fara tambaya shi ne ko an ga rawar kafin ta faɗi.

Yaya ta yi dariya, dariyar ta koma wani abu, ta yi tari ta share murya.

Tara da rabi ta yi, ya kamata a ce na isa wajen aiki na ɗora nama. Na zauna a bakin gado, na cire takalmin da na riga na sa.

Na ce, “To, sai kuma me ta yi?”